Haƙƙin Daji a Kanmu

A gabashin garinmu, tsakanin katangar gidan ƙarshe da gangaren fadama, akwai wani yanki da muka buɗi ido muka ji ana ce masa hurumi. Ba gonar kowa ba ne, kuma babu dattijon da ya taɓa ba da labarin ranar da garma ta shiga cikinsa. Akwai manyan kanya guda uku a tsakiyarsa, da wata tsohuwar tsamiya mai kogo wadda zuma ba ta rabuwa da ita, da kurna da aduwa da magarya, a ƙarƙashinsu kuma geza da sabara da sarƙaƙiya sun haɗe har yaro ba ya iya ratsawa sai ya durƙusa. Mata suna tsintar busasshen itace a gefensa, masu magani suna haƙar saiwa su mayar da ƙasa, Fulani suna yada zango kusa da shi idan sun dawo daga mashaya, mu kuma yara muna cika aljihu da kanya, nunanna da ɗanya, har bakinmu ya yi bauri. Doka ɗaya ce kowa ya sani ba tare da an rubuta ta ba, ita ce ba a ɗaga gatari a kan ɗanyen itace a wurin.

Yau idan ka je ba za ka tarar da ko kututture ba. Da gari ya cika, iyalai suka yawaita, sai aka yi shawarar a yanka hurumin a raba, wasu su yi gini, wasu su noma. Ina wurin ranar da aka yi zaman a ƙofar gidan mai gari, kuma ban ce uffan ba, domin a lokacin ni ma ina ganin hakan ne daidai. Mutum ɗaya ne ya yi magana, wani ƙanin kakarmu, tsohon maharbi wanda ido ya fara gaza masa. Ya jira har kowa ya gama, sannan ya dubi mai gari ya ce: "Ranka ya daɗe, ni dai abin da na sani, ba a rabon gado sai magada sun hallara. Wannan rabon kuwa na ga babu wanda aka kira sai mu da muke zaune a nan." Aka ce masa, "Baba, to wa ya rage?" Ya ce, "Waɗanda suke kwana a ciki, da waɗanda ba a haifa ba tukuna." Wasu suka yi murmushi, aka ɗauka tsufa ne, washegari aka fito da igiyar awo.

Tsohon ya daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙansa, amma maganarsa ta ƙi barina, kuma daga baya na gane cewa fiƙihu ya yi mana, mu ne ba mu fahimta ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, idan mutum ya rasu ya bar matarsa da juna biyu, ana dakatar da rabon gado har sai ta sauka, saboda ɗan da yake ciki, wanda bai ga duniya ba balle ya buɗi baki ya nemi rabonsa, yana da haƙƙin da ba a yarda a take ba. Idan shari'a ta tsayar da manya masu gemu saboda jariri ɗaya da ba a haifa ba, da wace hujja muka rabe cikin yini ɗaya abin da zuriya bayan zuriya suka bar mana, wanda kuma zuriya bayan zuriya suke jira? Ra'ayina shi ne daji yana da daraja wadda ba ta tsaya a kan amfanin da muke ci daga gare shi ba, kuma muddin ba mu dawo da wannan fahimta cikin zukatanmu ba, babu dokar gwamnati ko bikin dashen itatuwa da zai tsirar da ɗan abin da ya rage.

Matsalar ta fara ne daga yadda bakinmu ya saba ambaton daji. Idan Bahaushe ya ce wuri daji ne, yawanci yana nufin babu komai a can. Dillalin filaye zai nuna maka unguwa ya ce da can nan duk daji ne, yana nufin ka ga yadda aka ci gaba. Labarin kafuwar garuruwanmu da dama yana farawa ne da wani maharbi ko manomi da ya sari dawa ya zauna, kuma a zamaninsa wannan jarumta ce ta gaskiya, domin mutane kaɗan ne, dawa tana da faɗi, kura tana ɗaukar akuya a bakin danga. Ko Kasuwar Kurmi da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15, ana danganta sunanta ne da kurmin da yake bakin rafin Jakara, wanda yau babu alamarsa sai a suna. Sai dai ma'auni ya juya. A ƙidayar 2006 jihar Kano tana da mutum sama da miliyan 9, Jigawa sama da miliyan 4, kuma kowa ya san an ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Wanda ya hau mota daga Kano zuwa Gumel ko Haɗeja zai ga gona tana bin gona har inda ido ya tsaya. Yanzu daji ne yake neman maɓoya daga gare mu, amma tunaninmu yana nan a zamanin da mu ne muke rufe ƙofa da magariba saboda tsoronsa.

Idan aka tambayi masu kare daji dalilinsu, amsar farko da suke bayarwa ita ce amfani, kuma amsa ce mai ƙarfi da bai kamata a raina ba. Duk manomin da ya san aikinsa ya san gawo. Itace ne da Allah Ya juya masa lokaci: da damina, sa'ad da kowace bishiya take ganye, shi kakkaɓe nasa yake yi, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar kuma ya zama taki, da rani, sa'ad da ƙasa ta bushe ƙayau, sai ya yi kore shar, ya zubo da 'ya'yan da tumaki da shanu suke rububi. Geron da ya fito a gindin gawo ko daga nesa ana gane shi. Kuka tana ba mu miya, ɗorawa tana ba mu kalwar daddawa, goruba tana ba mu kaba, bagaruwa tana ba majema abin jima. A shekarun fari na 1973 da 1984, tsofaffinmu suna ba da labarin gidajen da ganye da 'ya'yan itatuwan daji suka riƙe har aka ga sabon hatsi. Daji shi ne rumbun wanda ba shi da rumbu.

Amfanin da ya fi wannan girma ma ido ba ya ganinsa daga ƙofar gida. Dajin Falgore, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Doguwa da Tudun Wada da Sumaila a kudancin Kano, ta cikinsa Kogin Kano yake bi kafin ya faɗa madatsar Tiga da aka kammala a 1974. Daga Tiga ne ruwa yake isa gonakin shinkafa da tumatir na Kadawa da Kura, ya haɗu da na Challawa, ya bi ta Wudil da Ringim har Haɗeja. Saiwoyin wancan daji ne suke riƙe ƙasar gangare, suke sa ruwan sama ya nutse a hankali maimakon ya kwaso yashi ya cike kogi da madatsa. Manomin rani na Kura wanda bai taɓa taka Falgore ba yana cin arzikin dajin kowace safiya. Can ƙasa kuma akwai dausayin Baturiya a ƙaramar hukumar Kirikasamma, wanda aka sa cikin jerin muhimman dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, inda tsuntsaye suke ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu tare da ɗinya da kirinjijiya da zalɓe. Mutanen wannan kwari sun fi kowa sanin abin da yake faruwa idan aka taɓa tsarin da Allah Ya shimfiɗa. Bayan gina Tiga, da kuma madatsar Challawa a 1992, malalar ruwan da ta saba zuwa da damina ta ja da baya da rani ta canja hali, ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama masaukin jan-baki mai cinye shinkafa. An lissafa ribar da aka samu a sama, amma asarar masunci da makiyayi na ƙasa ba ta shiga littafin kowa ba.

Duk da haka, hujjar amfani ita kaɗai ba ta isa ba, kuma a gonata na koyi wannan. A gonar da na gada akwai wata kirya da ta girmi mahaifina, wadda mahaifiyata take tsintar 'ya'yanta ta yi daddawa. Wata shekara abubuwa suka yi mini tsanani, ga rashin lafiya a gida, ga kuɗin makaranta, sai wani mai gawayi ya zo ya taya ta, domin kirya ce itacen da suka fi so saboda nauyin gawayinta. Na sayar. Da hantsi suka zo da injin yanka, kafin azahar abin da ya yi shekaru fiye da na kowa a gidanmu yana tsaye ya kwanta a ƙasa. Suka tsaga ta, suka jera, suka rufe da ƙasa, hayaƙi ya yi kwanaki yana tashi. Abin da ba na mantawa shi ne yammacin ranar farko, da na tsaya a bakin gonar na ga kurciyoyin da suka saba kwana a kanta sun dawo suna kewaya sararin da take, suna sauka ƙasa suna tashi, har duhu ya rufa. Kuɗin bai yi mako biyu a hannuna ba.

Na san amfanin kiryar nan sarai ranar da na sayar da ita, kuma sanin bai hana ni ba. Dalili shi ne duk wanda ya kafa darajar daji a kan amfani kawai, ya riga ya yarda a ɗora shi a sikeli, kuma a sikelin kasuwa mai tsabar kuɗi a hannu ne yake rinjaye. Inuwa ba ta da rasit, iskar da bishiya take tarewa ba ta da dillali, ribar da jikanka zai ci bayan shekara 40 ba ta biyan kuɗin magani yau. Idan amfani ne kaɗai ma'auni, to duk ranar da aka kawo amfanin da ya fi tsoka, ko da na kwana goma ne, daji ya faɗi. Sannan akwai halittu masu yawa da ba za ka iya nuna amfaninsu a kasuwa ba. Me za ka ce kurege yana yi maka, ko hawainiya, ko ƙaramar ciyawar da ko akuya ba ta ci? A wannan lissafi babu mai tsaya musu. Abin da ya riƙe hurumin garinmu tsawon zamani ba lissafin riba ba ne, kunya ce da tsoron Allah, da yarda cewa akwai abin da ba a sa wa farashi.

Turawa ma sun yi wannan muhawara, kuma yana da kyau mu san inda ta kai su. A 1872 Amurka ta keɓe Yellowstone a matsayin gandun daji na ƙasa, a 1964 kuma ta yi dokar da ta bayyana dajin asali da cewa wuri ne da mutum yake shiga a matsayin baƙo, ba ya zama. Na yarda da su a kan cewa akwai wuraren da ya kamata a bari yadda aka halicce su, ko da akwai dukiya a ƙarƙashinsu. Inda na rabu da su shi ne tunanin cewa daji ba ya tsarkaka sai an fitar da mutum daga cikinsa. Wuraren da suka kira dajin da ba a taɓa ba, akwai ƙabilun asali da suka yi ɗaruruwan shekaru suna farauta da zama a ciki, kuma sai da aka kawar da su sannan wurin ya zama na masu yawon buɗe ido. Irin wannan tunani ne ya zo mana da gandun daji a zamanin mulkin mallaka: aka shata iyaka, aka sa ma'aikata, aka ce wa mutanen da kakanninsu suka rayu da wurin su yi nesa. Daga ranar sai ya zama dajin gwamnati, abin gwamnati kuwa a idon mutanenmu ba na kowa ba ne, wanda ya samu dama ya ɗiba.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ga ƙarshen wannan hanya kafin mu. Lokacin da doka ta mayar da itatuwa mallakar hukuma, manomi yana ganin tohon bishiya a gonarsa sai ya tumɓuke shi tun yana ƙarami, don kada ya girma ya jawo masa tara. Tun daga shekarun 1980, a yankin Maraɗi, manoma suka fara barin tohon da yake fitowa daga tsofaffin kututture, suna zaɓen masu ƙarfi suna rage sauran, hukuma kuma ta sassauta ta bar musu cin moriyar abin da suka rena. Ana ƙiyasta cewa ta wannan hanya ƙasa mai faɗin kimanin hekta miliyan 5 ta sake yin itatuwa a kudancin Nijar, ba tare da an yi renon dashe a leda ba. Hausawa ne 'yan'uwanmu suka yi wannan, a ƙasar da ta fi tamu ƙarancin ruwan sama, kuma tsakaninmu da su tafiyar 'yan sa'o'i ce ta Maigatari ko Ɓaɓura.

Ba mu da bukatar aron falsafar wani kafin mu girmama daji, domin abin da yake hannunmu ya fi ƙarfi. A Suratul An'am, aya ta 38, Allah Ya gaya mana cewa babu wata dabba a bayan ƙasa, ko tsuntsu mai tashi da fikafikansa, face al'ummomi ne kamarmu. A Suratul Isra'i, aya ta 44, Ya ce babu wani abu face yana tasbihi da gode Masa, sai dai mu ne ba ma fahimtar tasbihinsu. Wanda ya yi imani da waɗannan ayoyi ba zai iya tsayawa a bakin kurmi ya ce babu kowa a ciki ba. Kurciyoyin da na raba da makwancinsu al'umma ce, kuma darajarsu ba daga wurina ta fito ba balle in ce ta ƙare ranar da na daina bukatarsu. Da aka ce mutum halifa ne a bayan ƙasa, amana aka ɗora masa, kuma mai riƙon amana ba ya sayar da abin da aka ba shi ajiya don ya shiga matsi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya haramta sare itatuwan Madina da farautar namun dajinta, kuma ya keɓe wani wuri mai suna Naƙi'u ya zama makiyayar da ba ta zama mallakar kowa. Ita kanta kalmar hurumi daga tushen Larabci ɗaya ta fito da kalmar haramta. Kakanninmu da suka bar wancan yanki a gabashin gari ba rashin gatari ne ya hana su ba.

Akwai wani abu a tarihin Sayyidina Umar da ya kamata duk mai riƙe da ƙasa ya haddace. Da ya keɓe makiyaya ya naɗa mata mai tsaro, ya umarce shi da ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, amma ya tsare garkunan manyan attajiran sahabbai, domin su idan dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabino da za su koma gare su, talaka kuwa ba shi da inda za shi sai ƙofar shugaba da 'ya'yansa. Wannan ita ce amsata ga masu cewa kare daji maganar ƙoshi ce, wai mai jin yunwa ba ya sauraron kukan tsuntsu. Na san yunwa, na kuma faɗi abin da ta sa ni. Amma mu tambayi kanmu wanda ya fi cutuwa ranar da aka yanka hurumi. Mai hali ya samu fili ya kafa bulo. Bazawarar da take tsintar itace kyauta yanzu saye take yi, mai akuya biyu ya rasa inda zai sake su, makiyayin da aka toshe wa burtali ya bi ta cikin gona aka yi rigima. Tun 1965 tsohuwar Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya, dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma cewa ta yi ƙasa amana ce a hannun gwamna domin amfanin jama'a duka. Duk da haka, yawancin manyan yankunan da ake ɓantara daga gandun daji da makiyaya ba a hannun marasa gona suke ƙarewa ba. Kuma tirelolin gawayin da suke shiga birni, musamman tun da makamashi ya ƙara tsada bayan cire tallafin mai a 2023, ba tsohuwa mai ɗaurin kirare a ka ce take cika su ba. Wanda yake so a daina sare daji, wajibi ne ya nema wa talaka abin dafa tuwo mai sauƙi, amma kada a fake da talaka a cinye abin da shi ne ya fi kowa dogara da shi.

Hujja ta biyu da ake kawowa a 'yan shekarun nan ta fi ta farko ɗaci, wato tsaro. Mutane suna cewa daji ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, gara a share shi kowa ya huta. Ba na raina wannan tsoro, domin wanda aka taɓa tare wa hanya a Falgore da dare ba labari aka ba shi ba, kuma kowa ya san Sambisa gandun namun daji ne kafin ya zama abin da ya zama. Sai dai itatuwa ba su ne suka kira ɓarayi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma bangon da ya tsage shi ne hukumar da ta janye ƙafarta, ta bar ma'aikatan daji ba mota ba kayan aiki, ta raba maharba da masu unguwanni da arɗaɗɗan Fulani da ikon da suke da shi a kan dazukansu. Dajin da mutanen kirki suke shiga kullum, suka san kowace hanya da kowane baƙon sawu, ɓarawo ba ya jin daɗin zama a cikinsa. A 2017 sojoji sun kafa wurin atisaye a Falgore, a ƙarshen 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince a ɗaga Falgore da Baturiya zuwa gandun daji na ƙasa. Mataki ne mai kyau, amma zai yi albarka ne kawai idan mutanen Doguwa da na Kirikasamma suka ji cewa da su ake yi, kuma haƙƙinsu na kiwo da su da tsintar itace yana cikin tsarin.

Akwai kuma wani ruɗi da nake so mu fita daga cikinsa, wato ɗaukar cewa dashe yana maye gurbin daji. Ina goyon bayan dashe. Layukan darbejiya da turare da aka dasa a arewacin Kano da Jigawa sun tare iska sun taimaki gonaki, haka kuma shirin babbar ganuwar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, wanda jihohinmu biyu suke cikin jihohi 11 da ya shafa a Najeriya, niyya ce mai kyau. Amma darbejiya baƙuwa ce da aka kawo daga yankin Indiya, kuma layin darbejiya dubu gonar itace ce, ba daji ba ne. Daji shi ne kanya da tsamiya da taura da ɗinya da marke suna haɗe da kurangar da take hawansu, da ƙwarin da suke cin ganyensu, da tsuntsun da yake cin ƙwarin, da gara da naman kaza da suke mayar da matacce ƙasa, dukkansu sun saba da juna tun kafin a kafa gari. Mutum yana iya rushe wannan cikin mako guda, amma ba ya iya gina shi ko da kuɗin jiha guda, iyakar abin da zai iya shi ne ya bar shi ya warke. Kuma abin da ya tafi ba lalle ne ya dawo ba. Ungulu da muka tashi muna gani a kowace mahauta sun ɓace daga garuruwanmu, gauraka ya zama sai a labari, yaran gidanmu kuma suna jin sunan barewa da gada a tatsuniya da karin magana ba tare da sun taɓa ganin sawunsu ba. Rannan na tambayi 'yata ko ta san taura, ta ce, "Baba, gari ne a hanyar Ringim." Gaskiya ta faɗa, amma ba ta san garin sunan itace yake ɗauke da shi ba.

Abin da nake roƙo ba ya bukatar jiran Abuja. Kusan kowane gari a ƙasar Kano da Jigawa yana da ɗan abin da ya rage: bakin fadama, gefen burtali, gindin dutse, tsohon kufai, ko kewayen maƙabarta, wadda a garuruwa da yawa ita kaɗai ce wurin da manyan itatuwan asali suke tsaye, saboda nan ne kaɗai har yanzu muke jin nauyin ɗaga gatari. Mai gari da liman da arɗo da sarkin noma da maharba su zauna, a kira mata masu tsintar itace domin sun fi kowa sanin wurin, a taka iyakarsa da ƙafa, a kafa alama, a rubuta takarda cewa wannan hurumi ne, ba a sayarwa, ba a rabawa, ba a saran ɗanye, a kai kwafi ga hakimi da ƙaramar hukuma. Malamai su duba ko za a iya mayar da shi waƙafi, domin waƙafi ba a gadonsa kuma ba a cinikinsa, liman kuma ya riƙa tunatarwa a huɗuba cewa duk itacen da Musulmi ya dasa, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce gare shi.

A garinmu abin da ya rage shi ne wani siririn yanki a gefen burtali, mai kalgo da sabara da 'yan gawo matasa guda shida, kuma na riga na ji ana raɗe-raɗin cewa wani yana nemansa. Wannan karon na je wurin mai gari da kaina, tare da liman da wasu dattawa biyu, kuma an sa mana ranar zama bayan an gama girbi. A gonata kuma, a daidai inda kiryar nan take, wani toho ya fito daga saiwar da wuta ba ta kai gare ta ba. Na kewaye shi da ƙaya saboda awaki, na kuma gaya wa masu yi mini huɗa su kauce masa da garma.